Gyaran Gaɓar Muƙamuƙi da Ƙashin Haƙarƙari

A Kwaciri, da Fagge, da Sabon Gari, kamar dai sauran unguwannin Kano, jefi-jefi a kan ga yaron da ba ya iya buɗe bakinsa. In an sauke tuwo 'yan'uwansa suna kai loma, shi sai an dama masa kunu, ko a murtsuke masa tuwon cikin miya ya yi ruwa-ruwa, sa'an nan ya riƙa zuƙa ta tsakanin haƙora. In yana da giɓi, to, giɓin nan shi ne ƙofar abincinsa. Maganarsa ta kan fito a shaƙe, haɓarsa ƙarama ce ta koma baya, da dare kuwa minsharinsa ya kan hana mutanen ɗaki barci. Iyaye da yawa su kan ɗauka haka aka halicce shi. Waɗansu su ce iska ce ta taɓa shi, waɗansu su ce sammu ne, a yi ta hayaƙi da shafe-shafe shekara da shekaru, baki kuwa yana nan a kulle.

Wannan ciwon gaɓa ne. Likitoci sun san shi, sun san abin da ke kawo shi, akwai kuma aikin da a ke yi a buɗe bakin. Cikin hanyoyin da a ke bi akwai wata wadda mai jin labarinta da fari ya kan yi mamaki, watau a yanko guntun ƙashin haƙarƙarin yaron, a dasa masa shi a gaban kunne, ya zama masa sabuwar gaɓa. Wannan takarda an shirya ta ne don iyaye, da malaman makaranta, da masu unguwanni, su san yadda aikin ya ke, da abin da ya wajaba a kan mutanen gida bayan likita ya gama nasa.

Yadda gaɓar ta ke

Kowa ya ɗora yatsa a gaban kunnensa, ya buɗe baki ya rufe, zai ji wani abu yana motsi a ƙarƙashin yatsan. Wannan shi ne kan ƙashin muƙamuƙi. Muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne a lanƙwashe, haƙoran ƙasa duka a cikinsa su ke. Daga bayan turamen haƙora sai ƙashin ya miƙe sama ta kowane gefe, ya ƙare da wani dunƙulallen kai wanda ke zaune cikin ɗan gurbi a gindin ƙoƙon kai, kamar zaman taɓarya cikin turmi. Tsakanin kan da gurbin akwai ɗan faifai na guringuntsi mai santsi, da ɗan ruwa mai yauƙi, don kada ƙashi ya gogi ƙashi.

Gaɓoɓin biyu ne, dama da hagun, amma da ya ke ƙashi ɗaya ya haɗa su, ɗaya ba ta motsi sai da 'yar'uwarta. In guda ta ƙage, bakin duka ya kulle ke nan. Babban mutum lafiyayye ya kan buɗe bakinsa misalin milimita 40 zuwa 50. Ba a bukatar ma'auni kafin a gwada wannan a gida. Mutum ya jera yatsunsa uku, ya sa su a tsaye tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. In sun shiga, lafiya lau. Yaro ma da yatsunsa na kansa a ke gwada shi.

A jikin yaro kan ƙashin nan yana da aiki na biyu, wanda shi ne tushen wannan magana duka. Nan ne wurin da muƙamuƙi ke ƙara tsawo. Guringuntsin da ya lulluɓe kan yana toho a hankali, yana rikiɗa ya zama ƙashi, ta haka a ke tura haɓa gaba da ƙasa shekara bayan shekara, har yaro ya gama girma. In wurin nan ya lalace, ba motsi kaɗai aka rasa ba, girman wannan gefen ma ya tsaya, kamar dashen da akuya ta cinye kansa.

Abubuwan da ke kulle ta

Babban dalili shi ne faɗuwa bisa haɓa. A ce yaro ɗan shekara 5 ya faɗo daga katanga, ko daga bishiyar mangwaro, ko matakalar bene, ko ya zamo daga babur. Gwamnatin Jihar Kano ta hana haya da babur cikin birni a 2013, amma har yanzu a kan ga magidanci ya goyo 'ya'ya uku ko huɗu zuwa makaranta, ba mai hular kwano ko ɗaya a cikinsu. Haɓa ta bugi ƙasa, ta fashe, a kai shi kemis a ɗinke, kwana bakwai rauni ya warke, hankalin kowa ya kwanta. Abin da ba a gani ba shi ne ƙarfin bugun ya bi ƙashi ya haura har gaban kunne, ya farfasa kan muƙamuƙi a cikin gurbinsa. Kan nan a jikin ƙaramin yaro taushi gare shi, jini kuma ya yi masa yawa. Jinin ya taru cikin gaɓa ya daskare. Saboda zafi yaron ya daina buɗe baki sosai, gudan jinin ya samu zama, a hankali ya zama tsoka mai tauri, daga nan ya zama ƙashi, muƙamuƙi da ƙoƙon kai su haɗe su zama abu guda.

Wannan ba ya faruwa dare ɗaya. Ya kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara. Yau yaro na cin tsire, wata shida ya koma ba ya iya gatsar rake, wata shekara cokali ma ba ya shiga. Kafin a farga an manta da faɗuwar. Shi ya sa in an kawo irin wannan yaro, abu na farko da likita ya kan yi shi ne ya ɗaga haɓarsa ya duba ƙarƙashinta. Sau da yawa tabon yana nan.

Dalili na biyu ciwon kunne ne. Ƙashin da ya raba kunne da wannan gaɓa siriri ne ƙwarai, musamman ga jarirai. Kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya ba a kula ba, mugunyar tana iya ɓulewa cikin gaɓa ta cinye guringuntsin. Haka kuma ƙwayar cuta tana iya biyo jini ta sauka a can, tun yaro yana jinjiri.

Na uku shi ne ciwon da ke cin baki da kumatun yara, wanda waɗansu ke kira zaizayar baki, waɗansu ciwon daji, waɗansu ciwon iska. Likitoci noma su ke ce masa. Sunan ba shi da dangantaka da noman gona, kalmar Girka ce da ke nufin abin da ke ci yana yaɗuwa. Ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda abinci bai ishe su ba, sau da yawa bayan sun tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Ya kan fara da gyambo a dasashi, da warin baki, da kumburin kunci, cikin 'yan kwanaki ya huda fuska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin yara 10 da ya kama ba a yi musu magani ba, har 9 na iya rasuwa, alhali kuwa in an kai yaro tun ciwon yana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai kyau su kan tsai da shi. A Sakkwato akwai asibiti musamman domin wannan ciwo, an buɗe shi a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma tana taimaka masa tun 2014. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, Nijeriya ce kuwa ta jagoranci neman hakan.

Amma fa kullewar bakin da noma ke bari daban ta ke. Galibi gaɓar kanta lafiyarta lau, tabon kunci ne ya ƙanƙance ya ɗaure muƙamuƙin sama da na ƙasa, wani lokaci har ƙashi ya tsiro a tsakaninsu. Irin wannan ba haƙarƙari ya ke bukata ba. Sai an yanke tabon, an kawo lafiyayyar fata daga wani wuri a jiki an cike gurbin. Hoton ƙashi ne ke raba wa likita wannan da wancan. Ciwon kuwa ba baƙo ba ne a Arewa. Tun a 1983 Farfesa Adekeye, na sashen tiyatar baki da fuska na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kaduna a lokacin, ya buga rahoto a kan mutum 76 masu kullallen muƙamuƙi.

Akwai abu ɗaya da bai kamata a rikita da wannan ba. Bakin da ya kulle farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, da sanƙarewar wuya da baya, ko jiki yana fizga, wannan alamar tetanas ce, ciwon da ke shiga ta rauni ko ta cibiyar jariri. Wanda ya kulle da kumburin fuska da zazzaɓi kuwa, sau da yawa ruɓaɓɓen haƙori ne ya tara mugunya. Duka biyun a ranar a ke kai su asibiti, ba a kwana da su.

Ɓarnar jinkiri

Yaron da ya shekara biyar ko goma da kullallen baki, ba abu ɗaya ya yi hasara ba. Ya kan rame, gama kunu da koko ba su isa gina jiki ba. Asuwaki da buroshi ba su kai ga cikin haƙora, sai su ruɓe, kuma babu hanyar da za a shiga a cire su. In gefe ɗaya ne ya lalace, haɓa ta kan karkata zuwa wannan gefen, fuska ta jirkice. In gefe biyu ne, haɓar ta kan zauna yadda ta ke tun ranar ciwon, sauran fuska tana girma tana barinta a baya. Mafi hatsari shi ne harshe, don ba shi da wurin zama sai ya koma maƙogwaro, in yaro ya yi barci ya toshe masa numfashi. Minsharin nan da a ke yi wa dariya, numfashi ne ke yankewa yana dawowa. Da rana yaron ya yi ta gyangyaɗi a aji, a ce masa daƙiƙi. Yarinya kuwa tsokanar ƙawaye ta kan sa ta bar makaranta, ta koma rufe fuska da mayafi ko cikin gida.

Ba aikin maɗori ba ne, ba kuma na wanzami ba. Maɗori ya san karayar hannu da ƙafa, amma nan ƙashi biyu ne suka haɗe a gindin ƙoƙon kai. Ɓanɓare bakin da ƙarfi, da cokali ko da itace, ba abin da ya ke jawowa sai karyewar haƙora.

Dalilin da ya sa aka zaɓi haƙarƙari

Mutum yana da ƙasusuwan haƙarƙari 24, watau 12 a kowane gefe. Kowane ɗaya ya taso daga ƙashin baya ya zagayo gaba, amma bai kai ƙashin ƙirji da ƙashi ba, ƙarshensa guringuntsi ne. Duk wanda ya taɓa sayen awaza wurin mahauci ya san farin abin nan mai gurus-gurus a bakin ƙashin. Mahaɗar ƙashin da guringuntsin nan ita ce wurin da haƙarƙarin yaro ke ƙara tsawo. Ke nan a ƙirji akwai sandar ƙashi siririya, mai kan guringuntsi, mai iya girma, kusan kamannin abin da ya lalace a gaban kunne.

Wani likita mai suna Harold Gillies, haifaffen ƙasar New Zealand, wanda ya yi suna a Ingila wajen gyaran fuskokin sojojin da aka raunana a Yaƙin Duniya na Farko, shi a ke ambata cewa ya fara bayyana wannan dashe a 1920. Aikin bai yaɗu ba sai bayan shekaru masu yawa. A 1974 wani likita kuma, David Poswillo, ya buga sakamakon gwajin da ya yi da birai, inda ya nuna haƙarƙarin da aka dasa ya kan kama, kansa ya sāke siffa ya yi kama da kan muƙamuƙi na asali. A 1990 Leonard Kaban da abokan aikinsa a Amurka suka tsara matakan aikin bi da bi, tsarin da likitoci a ƙasashe da yawa ke bi har yanzu, kowa da ɗan gyaransa.

Amfanin haƙarƙari a fili ya ke. Ƙashin yaron ne na kansa, saboda haka jikinsa ba ya ƙinsa, ba a kuma bukatar shan magani har abada kamar wanda aka yi wa dashen ƙodar wani. Ba a saye, ba a jiran a aiko da shi daga waje. Abin da ya fi tsorata iyaye shi ne zaton yaro zai zauna da rami a ƙirji. Kowane ƙashi yana da wani tantani da ya lulluɓe shi, wanda shi ke haifar da sabon ƙashi. Likita ya kan tsaga tantanin, ya zare ƙashin, ya ɗinke tantanin a bar shi a wurinsa. A jikin yaro sabon haƙarƙari ya kan tsiro a ciki cikin watanni.

Yadda a ke aikin

Da fari sai an ɗauki hoton ƙashi, in da hali na na'urar siti-sikan, wadda ke nuna kaurin ƙashin da ya haɗe da inda ya kai. A kan gwada jini. Yaron da ya rame a kan fara gina shi da abinci tukuna, gama jikin da ba shi da ƙarfi ba ya riƙe dashe. A kan kuma bukaci dangi su ba da jini a ajiye ko da za a bukata.

Sashen da ya fi wuya a farko ba yankan ba ne, sa barcin ne. Mai babbar tiyata da aka sa barci a kan sa masa bututun numfashi a maƙogwaro, galibi ta baki, ga shi kuwa nan baki a kulle. Saboda haka a kan bi ta hanci da wani siririn bututu mai fitila da madubi a kansa. Inda babu wannan, ko aka ga ba zai yiwu ba, sai a huda ƙaramar ƙofa a gaban wuya, a sa bututun ta nan, bayan 'yan kwanaki a cire, wurin ya rufe. Wannan shi ya sa ba kowane asibiti ke yin aikin ba.

Likita ya kan tsaga a gaban kunne, ya bi lanƙwasar kunnen don tabo ya ɓuya, sa'an nan ya sāke tsagawa a ƙarƙashin muƙamuƙi. Ta tsakanin wuraren nan biyu jijiyar da ke motsa fuska ta ratsa, ita ke ɗaga gira, ta rufe ido, ta motsa leɓe, don haka a hankali a ke tafiya. In an kai ga ƙashin da ya haɗe, sai a sare shi a fitar, a bar sarari misalin santimita ɗaya da rabi tsakanin muƙamuƙi da ƙoƙon kai. Nan take a ke gwada buɗe bakin. In bai kai milimita 35 ba, akwai wani ƙahon ƙashi a gaban gaɓar wanda naman tauna ke riƙe da shi, sai a yanke shi, in ta kama har na ɗaya gefen. Gurbin sama kuwa a kan shimfiɗa masa ɗan naman da aka juyo daga gefen kai, ko tsohon faifan guringuntsin in an same shi da sauran kyau, don kada sabon ƙashi ya sāke mannewa.

Daga nan sai ƙirji. A kan ɗauki haƙarƙari na 5, ko na 6, ko na 7, sau da yawa na dama. Tsagar ba ta da tsawo, a ƙarƙashin nono a ke yinta, ga yarinya kuwa a kan lura ƙwarai a kauce wa wurin da nono zai fito. A yanko ƙashi tsawon 'yan santimita, gwargwadon abin da hoto ya nuna, tare da ɗan guringuntsi a kansa wanda bai wuce 'yan milimita ba. Dab da bayan haƙarƙari akwai tantanin huhu, siriri kamar fatar albasa. Kafin a rufe, a kan cika wurin da ruwan gishiri, mai sa barci ya hura huhun, a duba ko kumfa zai taso. In ya taso tantanin ya huje, sai a ɗinke, wani lokaci a bar bututu a ƙirji kwana ɗaya ko biyu iska ta fita.

Sa'an nan a fere guntun haƙarƙarin, a zagaye kansa, a cusa shi ta tsagar ƙasa har guringuntsin ya zauna cikin gurbin gaɓa. Jikinsa a jingine shi da ƙashin muƙamuƙi, a ɗaure da ƙananan kusoshi na wani ƙarfe da ba ya tsatsa, mai suna taitaniyam, ko da waya. Kusoshin nan ba lalle ne a cire su ba. Likitoci da yawa su kan ɗaure haƙoran sama da na ƙasa na kwana 7 zuwa 10, dashen ya samu natsuwa. Iyaye kada su firgita in sun ga an fito da yaro bakinsa a ɗaure, ba aikin ne ya ƙi ba.

Rabon mutanen gida

Ranar da aka kwance haƙora, ranar aikin gida ya fara. Jikin yaron da ya taɓa haɗe gaɓar nan da ƙashi, a shirye ya ke ya sāke haɗe ta. Abin da ke hana shi motsi ne kawai. Naman tauna kuma ya shekara da shekaru bai miƙe ba, ya gajarce, sai an ja shi kullum kafin ya saba.

Kayan aikin ba su da tsada. 'Yan filayen katakon nan ne da likita ke danne harshe da su in zai duba maƙogwaro. A jera su bisa juna, a sa tsakanin turamen haƙora, a ƙara guda a tsakiyarsu a hankali har bakin ya miƙe, a bar su 'yan mintoci, a cire, a huta, a sāke. A kan yi haka sau da yawa a yini, yadda likita ya tsara. Gidan da ya ɗaura abin da lokutan salla ba ya mantuwa. Yana da kyau a samu littafi a riƙa rubuta yawan katakon da ya shiga kowace rana. In lissafin ya fara raguwa, a koma asibiti a makon, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. Bayan 'yan makonni, in likita ya yarda, a bar abinci mai ruwa-ruwa a koma mai tauri, a ba shi cingam ya riƙa tauna. Wannan horo ya kan ɗauki wata 6 zuwa shekara, wani ma fiye.

Abin yana da zafi, babu amfanin ɓoyewa. Yaro zai yi kuka, zai ɓoye katakon, zai gudu wurin kakarsa. Nan ne aiki da yawa ya kan lalace. Uwa ta ji tausayi ta ce a bar shi yau, kaka ta ce an isa haka, yau ta zama mako, mako ya zama wata, bakin da aka buɗe yatsa uku ya koma yatsa ɗaya. Tiyata ta biyu kuwa ta fi ta farko wuya, ga tabo, ga kuɗi, ga wani haƙarƙarin. Saboda haka tun kafin a shiga ɗakin tiyata ya kamata gida ya zauna ya fid da mutum ɗaya, uba ko yaya ko gwaggo, wanda yaron ke jin nauyinsa, ya ɗauki wannan aiki. A kan ba da maganin rage zafi kafin horon a makonnin farko, ɗumama kuncin da tsumma mai ɗumi shi ma yana taimako. Likitoci kan duba wannan tun da wuri. Yaron da ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ba zai gane abin da a ke so da shi ba, wani lokaci a kan ɗan jinkirta masa, sai fa in numfashinsa ko cin abincinsa ya tilasta.

Abin da ka iya biyo baya

Haƙarƙari yana da aibinsa, kuma daidai ne iyaye su ji shi tun da wuri. Girmansa ba shi da tabbas. A jikin wani yaro ya kan yi daidai da ɗaya gefen, fuska ta miƙe. A jikin wani ya ƙi girma, ko ya narke. A jikin wani kuwa ya zarce, har ya tura haɓa zuwa ɗaya gefen bayan shekaru, musamman lokacin balaga. Likitoci sun lura cewa yawan guringuntsi yana da hannu cikin zarcewar, shi ya sa a ke barin kaɗan. Raunin jijiyar fuska ma ya kan faru, gira ta ƙi ɗaguwa ko leɓe ya karkace, amma galibi ya kan warware cikin makonni ko watanni. Haƙoran da suka ruɓe sai a bi su da gyara tun da hanya ta samu. Wanda haɓarsa ta riga ta tsaya shekaru da yawa, buɗe baki ba zai mayar da ita daidai nan take ba, mai yiwuwa ya bukaci wani aikin na jawo ta gaba in ya girma.

Ba kowa a ke yi wa dashen ba. Babban mutum ya gama girma, saboda haka sau da yawa a kan sare ƙashin da ya haɗe, a shimfiɗa nama a tsakani, a tsaya nan. Akwai gaɓar ƙarfe da roba wadda a ke ƙerawa a ƙasashen waje, amma tsada gare ta, kuma ba ta girma, don haka ba a cika sa wa yara ita ba. Akwai kuma wata dabara ta jan ƙashi da ɗan inji, milimita ɗaya kowace rana, har ya yi tsawon da a ke so. Likitan tiyatar baki da fuska shi zai zaɓa, bayan ya duba shekarun mai ciwon da hotonsa.

Mutumin Kwaciri ko Rijiyar Lemo ko Sabon Gari ya fara da asibitin da ke kusa da shi, ya nemi takardar turawa. A cikin Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya yana da sashen tiyatar baki da fuska, Asibitin Murtala kuma yana da sashen haƙori inda za a duba a tura. Akwai irin wannan sashe a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, masu tabon noma kuwa ga asibitinsu a Sakkwato. Mai zuwa ya riƙo katin rigakafin yaron da duk wani tsohon hoton ƙashi, ya zo kuma da wanda zai iya tuna lokacin da yaron ya faɗi ko ya yi ciwon kunne. In akwai hotunan yaron na shekarun baya, na suna ko na salla, a haɗo da su, gama su kan nuna wa likita lokacin da haɓa ta fara karkata. Bayan aiki kuwa a kan ci gaba da kawo shi awo aƙalla sau ɗaya a shekara, har ya gama girma, watau wajen shekara 18.